Gida Ba Aljihu Ɗaya Ba Ne

Masana tattalin arziki suna da wani gwaji da suke auna hankalin mai saye da shi. Paul Samuelson ya aza harsashinsa a 1938, Hal Varian ya ƙara masa ƙarfi a 1982. A taƙaice, in kuɗinka sun isa shinkafa sun isa masara, ka ɗauki shinkafa, to gobe in ka koma kan masara alhali shinkafar ba ta fi ƙarfinka ba, ka saɓa wa kanka.

Ba gwajin nake ja da shi ba. Wanda ake yi wa shi nake tambaya. Masu bincike sukan rubuta "gida", su haɗa kuɗin miji da na mata wuri guda, kamar kai ɗaya ne ke yanke shawara, ra'ayin da Gary Becker ya yaɗa. In lissafi ya ƙi fita, sai laifi ya koma kan iyali, wai ba su iya tattali ba.

A 1998 Martin Browning da Pierre-André Chiappori sun yi irin wannan gwaji da bayanan iyalai na Kanada. Masu zama su kaɗai sun haye, ma'aurata suka faɗi. Aure ne ya kwashe musu hankali? Mutum biyu ne kawai, kowa da abin da ransa ke so. A Birtaniya ma, da aka mayar da tallafin yara hannun uwa a ƙarshen shekarun 1970, kuɗin da ake kashewa kan tufafin mata da yara sun ƙaru.

Mu kuwa ba ma bukatar Kanada ta faɗa mana. Polly Hill ta yi bayanin gandu da gayauna a littafinta na 1972 kan Batagarawa. Cefane na maigida ne. Ribar ƙuli-ƙuli ta uwargida ce, da ita take zubin adashi, tana tara wa 'yarta kayan ɗaki, har mijin kan ci bashi a wurinta, kuma dole ya biya. Gudummawar bikin da baƙo zai kira almubazzaranci, ajiya ce da za ta dawo ranar nata sha'anin. To, gidan da ke da kishiyoyi uku fa, aljihu nawa za a ƙirga?

Masu raba tallafi da masu yawo da takardar tambayoyi, ku daina tsayawa a zaure. Ku aika mace ta shiga ciki ta tambayi kowace mai ɗaki lissafinta.