Amurka: Majami'un Lutheran na neman fasto, amma zaɓin ya fara kuɓuce wa mabiya

A ƙarshen watan Yulin 2025, babban taron cocin ELCA, wanda ya fi kowane reshe na ɗariƙar Lutheran yawan mabiya a Amurka, ya zaɓi Yehiel Curry a matsayin shugaban bishop-bishop. Shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera, bayan Elizabeth Eaton da ta riƙe ta tun 2013. Wannan tarihi shi ya fi ɗaukar hankalin kafofin watsa labarai. Sai dai aikin da ke jiran sabon shugaban yana can ƙasa, a ƙananan majami'u na karkara waɗanda fastonsu ya yi ritaya ko ya sauya wuri, suka shafe shekara guda ko fiye suna neman wanda zai gaje shi.

Al'amarin ya wuce ƙarancin ma'aikata kawai. Ya taɓa wani haƙƙi da ƴan wannan ɗariƙa ke alfahari da shi kusan shekaru 500, wato haƙƙin mabiya na zaɓar wanda zai yi masu wa'azi.

Daga ina haƙƙin ya samo asali?

A cocin Katolika, kamar yadda ake yi a Yamai da Maraɗi, bishop ne ke tura limami zuwa majami'a, shi ne kuma ke ɗauke shi. Ƴan Lutheran na Amurka sun bi wata hanya dabam. A wajajen shekarar 1523, mutanen wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Leisnig sun zaɓi malaman cocinsu ba tare da izinin shugaban gidan sufayen da ke da ikon naɗi a garin ba. Martin Luther, malamin da ɗariƙar ta ɗauki sunansa, ya goyi bayansu a rubuce, inda ya nuna cewa taron masu bi na da ikon tantance koyarwa, da kiran malami, da kuma sauke shi. A 1530 kuma, takardar aƙidar da aka gabatar a birnin Augsburg ta ƙayyade a sashenta na 14 cewa babu mai wa'azi a bainar jama'a ko ya ba da jibin Ubangiji sai wanda aka kira bisa ƙa'ida.

Shi ya sa har gobe ba sa cewa sun ɗauki fasto aiki. Cewa suke sun kira shi, domin a imaninsu Allah ne ke kira ta bakin jama'a.

Yadda ake gudanar da kiran

Idan fasto ya bar majami'a a cocin ELCA, shugabanninta na sanar da bishop na shiyyarsu. Cocin na da shiyyoyi sama da 60 a faɗin Amurka. Yawanci akan turo faston riƙon ƙwarya, wanda bisa al'ada ba ya cikin masu neman kujerar. Hikimar ita ce mabiya su samu lokacin sabawa da rashin tsohon fastonsu, a kuma sasanta rigingimun da ya bari, kada sabon ya shigo ya tarar da wuta.

Daga nan sai a kafa kwamitin kira na mutane kaɗan, maza da mata, tsofaffi da matasa. Majami'ar na cike wata doguwar takarda da ke bayyana yawan masu zuwa ibada ranar Lahadi, kuɗin da ke shigowa, bashin da ke kanta, halin da garin ke ciki da irin faston da take buƙata. Su ma fastocin da ke son sauya wuri suna cike tasu. Ofishin bishop ne ke haɗa takardun biyu, ya miƙa wa kwamitin ƴan sunaye.

Kwamitin na tattaunawa da ƴan takarar a asirce, ya saurari wa'azinsu. Sirrin na da dalili: mai neman kujerar galibi yana riƙe da wata majami'a wadda ba ta san yana shirin tafiya ba, in magana ta fita kuma ba a ɗauke shi ba, zamansa a can ya lalace. A ƙarshe kwamitin na fitar da suna guda. Kundin tsarin mulkin majami'un ELCA ya tanadi cewa sai kashi 2 cikin 3 na mambobin da suka halarci taron da aka kira musamman don haka sun amince, sannan a rubuta takardar kira, bishop ya sa hannu. Faston na da kimanin kwanaki 30 ya karɓa ko ya ƙi.

Wannan dama ta ƙin amsa kira, wadda a da ba a cika damuwa da ita ba, ita ce ta zama ƙashin bayan matsalar a yau.

Me ya sauya?

Lokacin da aka kafa ELCA a 1988, mabiyanta sun haura miliyon 5. Yanzu ba su kai miliyon 3 ba. Wani zai ɗauka raguwar mabiya za ta sa fastoci su yi yawa, amma majami'u ba sa rufewa da saurin da mutane ke raguwa. Daga kimanin 11,000, har yanzu akwai fiye da 8,000, kuma kowace na son mai hawa mumbari ranar Lahadi, ko da mutum 30 ne a ciki.

A ɗaya gefen, fastocin da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu suna ta yin ritaya, masu shiga makarantun tauhidi kuma sun ragu. Alamar hakan a fili take. Makarantun Gettysburg da Philadelphia sun haɗe a 2017, ta Shikago ta sayar da gininta, ita ma ta Saint Paul a jihar Minesota ta sanar a 2025 cewa za ta sayar da harabarta. Karatun fasto na ɗaukar kimanin shekaru 4 bayan digirin farko, har da shekarar koyon aiki, kuma da yawa na fitowa da bashin karatu a wuya.

Wanda ya fito da bashi dole ya duba albashi. Kowace shiyya na fitar da mafi ƙarancin abin da ya kamata a biya fasto, ga kuɗin gida, ga inshorar lafiya mai tsada, ga fansho. Majami'ar ƙauye a Dakota ko Nebraska, inda matasa suka koma birni, ba ta iya ɗaukar wannan nauyi daga baikon ƴan tsofaffin manoma. Ko ta iya, faston na tambayar inda matarsa ko mijinta zai samu aiki, da makarantar da yara za su shiga.

Sakamakon shi ne ciniki ya juya. Babbar majami'a a gefen birni na samun sunaye da dama ta zaɓa, ƙarama kuwa sai ta jira watanni kafin a miƙo mata suna ɗaya, wani lokacin ma babu. Ƙuri'ar kashi 2 cikin 3 na nan a takarda, amma idan ɗan takara guda ne kuma kowa ya san in an ƙi shi sai a sake jiran wata shekara, ƙuri'ar ta koma amincewa da abin da ya samu. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi.

Hanyoyin da ake bi don cike giɓin

Hanya ta farko ita ce majami'u biyu ko uku su haɗa kuɗi su kira fasto ɗaya, ya riƙa zagayawa da mota tsakaninsu. Ta biyu, aro daga maƙwabta: ELCA na da yarjejeniyar musayar fastoci da cocin Presbyterian tun 1997, daga baya da Episcopal, sannan da Methodist a 2009. Ta uku, wadda ta fi yaɗuwa a karkara, ita ce bishop ya ba wani mamba da ya samu gajeren horo, malamin makaranta ko manomi, izinin yin wa'azi da ba da jibin Ubangiji a wuri guda na ƙayyadadden lokaci.

Wannan hanya ta uku ta ceci majami'u da dama daga rufewa, sai dai tana da farashi. Izinin daga bishop yake fitowa, shi ke sabunta shi, shi ke janye shi. Ke nan ikon da Luther ya ce na jama'a ne yana komawa sannu a hankali ofishin shiyya, ba don wani ya ƙwace shi ba, sai don rashin yadda za a yi.

Ɗaya babban reshen, LCMS mai hedikwata a Saint Louis, wanda ba ya naɗa mata fastoci, ya ɗauki akasin wannan mataki. A babban taronsa na 2016 ya yanke shawarar kawo ƙarshen barin waɗanda ba a naɗa ba su riƙa aikin fasto a kai a kai. Ya kare aƙidarsa, amma shi ma yana da majami'u masu yawa da babu fasto.

Ko Afirka za ta iya taimakawa?

Nauyin ɗariƙar ya riga ya karkato nahiyarmu. Cocin Mekane Yesus na Habasha na da mabiya sama da miliyon 10. A Najeriya, cocin LCCN mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa, wanda mishan daga Danmak suka dasa a 1913 kuma ake ibada da Hausa a majami'unsa da dama, na da sama da miliyon 2. Shugabansa Musa Panti Filibus, wanda ya yi digirin digirgir a makarantar Saint Paul ɗin da za a sayar da harabarta, ya jagoranci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023.

Duk da haka, ɗauko fasto daga Afirka ba abu ne mai sauƙi ba. Bizar ma'aikatan addini ta Amurka ba ta wuce shekaru 5, kuma layin neman takardar zama na dindindin ya yi tsawo ƙwarai tun 2023. Akwai kuma saɓanin koyarwa. Matakin da ELCA ta ɗauka a 2009 na amincewa da fastoci masu zaman aure da jinsinsu ya sa ɗaruruwan majami'u ficewa a cikin gida, Mekane Yesus kuma ta yanke hulɗa da ita a 2013.

Abin da ke gaban Bishop Curry

Shugaban bishop-bishop ba shi da ikon tura fasto ko'ina, domin tsarin bai ba shi ba. Abin da zai iya shi ne ya tura cocin ya amsa tambayoyi biyu: wa zai biya kuɗin karatu da albashin wanda ya yarda ya je ƙauye, kuma wane matsayi za a ba mambobin da ke riƙe da mumbari da izinin wucin gadi? Shi kansa Curry malamin makaranta ne da ya fara jagorantar wata ƙaramar majami'a a kudancin Shikago kafin a naɗa shi fasto, don haka ya san hanyar daga ciki. Idan aka bar lamarin ga ƙarfin aljihu, majami'un birni za su ci gaba da zaɓe, na karkara kuwa su ci gaba da karɓar duk wanda aka turo.