Akawun Filin Jirgi Da Ɓarayin Kwamfuta

Cikin watan Yuni na 2015 aka kai hari ga kwamfutocin kamfanin jirgin sama na LOT a Warso, babban birnin Folan, watau waɗanda ke fitar da takardar hanyar da kowane jirgi zai bi. Matuƙi ba ya tashi sai da ita, saboda haka fasinja kamar 1,400 suka rasa jirgi.

Kada mai karatu ya zaci tsaron nan aikin injiniya ne kaɗai. A 2025 an sace bayanan fasinja fiye da miliyan 5 na kamfanin Qantas na Ostareliya, ta ofishin amsa waya kuwa aka shiga. Irin ɓarawon nan yakan bugo, ya ce daga babban ofis yake, ya roƙi kalmar sirri. Akawu, don ladabi, sai ya bayar.

A ganina lacca guda a shekara ba ta isa ba. Yadda ake maimaita wa matuƙi jarrabawa, haka ya kamata a riƙa gwada akawu da wasiƙar yaudara. Wanda ya faɗa tarko kuwa ya kai rahoto nan da nan, kada a hore shi, gama in an hori na fari, na biyu ɓoyewa zai yi.