Shayin Larabawa da nonon rugar Karaye

Duk wanda ya biyo ta Unguwar Hajji ta Karaye bayan sallar asuba a watannin hunturu zai tarar da benci cike a gaban teburin mai shayi. Manoma da 'yan acaɓa da masu sammakon kasuwa suna zaune rungume da kofi, wannan ya ce a yi masa haɗin kauri, wancan ya ce ruwan bunu ya ishe shi. Mai shayi kuwa yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin wani don ya huce, ƙamshin citta da kanumfari na tashi daga tukunya.

Kwanan nan an shiga yayin abin da ake kira shayin Larabawa. Alhazai da masu zuwa Umra sun sha shi a Makka da Madina, sun dawo suna yabawa. Wanda ya fi suna shi ne Adani, na birnin Adan da ke Yaman, tashar jiragen ruwa da Ingila ta riƙe daga 1839 zuwa 1967, inda cinikin Indiya ya bar ɗabi'ar dafa ganyen shayi da madara da kayan ƙamshi a tukunya ɗaya. A Katar da Dubai kuma akwai karak, wanda ma'aikata 'yan Indiya da Pakistan suka yaɗa har ya zama abin shan kowa. Bambancin shayin Larabawa da namu yana wurin dahuwa: a nan ana zuba ruwan zafi kan garin madara, a can madarar ce ke tafasa tare da ganye da kirfa har ta yi kauri.

Yayin ba laifi ba ne. Abin damuwa shi ne yadda ake neman kwaikwayonsa da kayan gwangwani da na leda, alhali abin da ya fi su yana bayan gari. Larabawan Tekun Fasha madarar gwangwani suke zubawa. Mutumin Karaye da Rogo kuwa yana zaune kusa da rugage, ga madatsar ruwa ta Challawa da ke jawo makiyaya da rani. Amma matan Fulani na yawo da nono a ƙwarya, mai shayi na yanka ledar garin madara da aka sarrafa daga kayan waje, wadda sau da yawa an cire mata man nono an maye shi da man itatuwa. Kuɗin ƙauye ke nan yake tafiya ƙetare kowace safiya.

Masu shayi suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Sabuwar madarar shanu ba ta kwana idan babu firji, wuta kuwa ba ta tsayawa, ga tsoron cuta a ɗanyen nono. To amma tatsar safe tana isa gari kafin hantsi, kuma mai shayin yamma zai iya ƙarar da ita kafin isha'i. Dahuwar Adani kanta tana maganin tsoron, domin tafasawa na kashe ƙwayoyin tarin fuka da makamantansu. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniya tsakanin mai tebur da ruga guda: mudu kaza kullum, kuɗi hannu.

Sauran kayan ma akwai su. Kudancin Kaduna, wajen Kachiya, na noman cittar da ake fitarwa ƙasashen duniya, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonaki a 2023 ta sa ta yi tsada. Ana noman ganyen shayi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Makarfi na da rake da mazarƙwaila. Kanumfari da kirfa kuwa sai an shigo da su, kuma kasuwar Kurmi ta daɗe tana sayar da su ga duk mai shayin da ya shiga Kano saro kaya.