Faɗin Taya Ba Shi Ne Riƙon Hanya Ba

A ƙasar Ingila akwai wata irin ƙaramar motar gudu wadda mutum ya kan saya a warwatse. Kamfani ya aiko masa da ƙarafan jiki da inji da giya da kujeru biyu cikin akwatuna, shi kuwa ya shiga garejin gidansa ya yi ta ɗauri wata da watanni, sa'an nan ya kai ta gaban hukuma a duba lafiyarta kafin a ba ta lamba. Uwar irin waɗannan motoci ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya ƙera a shekarar 1957. A wancan zamani motar da aka sayar ba a haɗe ba, ba a biya mata harajin saye, saboda haka samari masu ƙaramin ƙarfi suka yi mata caa. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi izinin ƙera ta, har yau kuwa bai daina ba. Waɗansu kamfanoni kuma, irin su Westfield a Ingila da Birkin a Afirka ta Kudu, suka yi nasu bisa siffarta.

Abin da ya raba wannan mota da sauran motoci shi ne rashin nauyi. Caterham Seven 170 da aka fitar a 2021 nauyinta kilo 440 ne, watau wajen sulusin nauyin Toyota Corolla ta zamanin nan. Ba ta da na'urar nan da ke hana birki ƙulle taya, ba ta kuma da wadda ke hana taya juyawa a banza in an taka mai da ƙarfi. Tsakanin direba da rami babu kome sai hannunsa da ƙafarsa, da wurare huɗu inda roba ta taɓa kwalta, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Duk da haka sai ka ga mutum ya gama wahalar haɗa motarsa, ya je ya sayo mata taya da ido, ya zaɓi mafi faɗin da ya samu, ko kuwa irin wadda ya gani a fagen tsere, yana murna ya ƙara mata riƙo. A ganina, a kan hanyar da jama'a ke bi, sau da yawa rage mata ya yi.

Mu fara da lambobin da ke jikin taya, tun da yawancinmu muna ganinsu ba mu karanta su. In an rubuta 205/55 R16 91V, ma'ana faɗin tayar milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, wilin da za ta hau kuma inci 16. Lambar nan 91 ita ce ta kaya: tayar guda ɗaya za ta ɗauki kilo 615. Wannan ita ce tayar motar gida ta yau da kullum. To, ashe ita kaɗai za ta iya ɗaukar Seven 170 ɗungum, har da direbanta, da sauran sarari. In aka sa huɗu a ƙarƙashin motar, kowacce za ta ɗauki kilo 130 ko kusa da haka, alhali an gina gefenta da ƙarfi domin ninkin wannan sau huɗu da ɗoriya. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ke nan. Tayar ba za ta lanƙwasu yadda aka tsara ta ba, ba za ta kwanta ta bi gargadar hanya ba, sai dai ta riƙa tsalle a kai.

Rashin lanƙwasar nan yana da wata illa wadda ido ba ya gani. Roba ba ta kama kwalta sosai sai ta ɗumama, abin da ke ɗumama ta kuwa shi ne matsewa da sakewa da ta ke yi a kowane juyi. Babbar mota tana dafa tayarta da nauyinta cikin 'yan kilomitoci kaɗan. Mota mai kilo 500 ba ta da wannan ƙarfi, musamman in tayar mai faɗi ce, domin zafin yana bazuwa a roba mai yawa, iska kuma tana kwashe shi. A ƙasa irin Ingila, inda ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 7 watanni da dama a shekara, robar tayar bazara tana taurara. Mai tayar tsere shi ya fi shiga uku, gama an haɗa robarta ne domin ta yi aiki a zafin da ba a samu sai an yi ta shan kwana da gudun da doka ba ta yarda da shi a hanya ba. Kafin ta kai wannan zafi, tayar banza ta fi ta.

Sa'an nan ga ruwa. Mutane da yawa suna zaton faɗaɗa taya yana ƙara yawan robar da ke taɓa ƙasa. Gaskiyar magana, girman sawun taya ya fi danganta ga nauyin da ke kanta da yawan iskar da ke cikinta. In ka faɗaɗa ta ba ka taɓa iska ba, sawun zai ƙara faɗi ne ya rage tsawo. A busasshiyar kwalta wannan yana da amfaninsa wajen shan kwana. Amma fa in ruwa ya kwanta, faffaɗar taya tana da ruwa mai yawa da za ta ture a gabanta, motar kuwa ba ta da nauyin da zai danna ta ta tsaga shi. Sai ta hau bisa ruwan kamar kwale-kwale, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya zama ado. Tsagin da ke jikin taya shi ne magudanar ruwan nan. Sabuwar tayar hanya tana zuwa da zurfin tsagi wajen milimita 8, ta tsere kuwa ba ta kai haka ba tun tana sabuwa, tsagin nata ma 'yan kaɗan ne. Dokar Ingila ta ce kada zurfin ya gaza milimita 1.6, tara kuma tana iya kai fam 2,500 a kan kowace taya. Amma wannan iyaka ce ta ɗan sanda. Mai mota mara nauyi da ya jira sai tayarsa ta kai can, ya daɗe da rabuwa da riƙon da ya ke buƙata a ranar ruwa.

Akwai kuma nauyin tayar kanta da wilinta, wanda ba ya kan sifirin. Duk kilo ɗaya da aka ƙara a nan, aikin shokazoba ne ta mai da shi ƙasa bayan kowane tudu. A mota mai tan biyu ba a ji. A mota mai rabin tan kuwa, babban wili mai inci 17 da siririn gefe ya kan sa taya ta riƙa rabuwa da kwalta a hanya mai gargada, taya kuwa in tana sama ba ta riƙe kome. Wannan ya sa masu sanin kan motar su ke manne wa wili mai inci 13, ko da ya ke ba shi da kwarjini a hoto.

Na san abin da mai musu zai ce. Zai ce ai a ranar rana, a kan sumul ɗin kwalta, faffaɗar taya mai taushin roba ta fi kama ƙasa, agogo ma ya shaida. Ban ƙi ba. Wanda ya gina motarsa domin fagen tsere kaɗai, ya saya, Allah ya ba da sa'a. Haka kuma inji mai ƙarfi yana buƙatar faɗi a baya. Amma a duba abin da maƙeran da kansu suka yi. Caterham 620R da aka fitar a 2013 tana da ƙarfin doki 310, duk da haka faɗin tayarta ta baya milimita 215 ne, ta gaba 185, a lokacin da manyan motocin gudu masu nauyi ke hawa milimita 300. Seven 170 kuwa, mai ɗan injin Suzuki, an ba ta milimita 155 kacal. Ba rowa ce ta sa ba. Siririyar taya tana gargaɗi kafin ta saki, direba ya ji bayan motar ya fara zamewa sannu a hankali, ya gyara. Mai faɗin tana riƙewa har gudu ya yi yawa, in ta tashi saki kuwa farat ɗaya ne, ga shi babu na'urar da za ta kawo ɗauki.

Saboda haka shawarata ga mai irin wannan mota ita ce ya tsaya a girman da maƙeri ya faɗa, ya nemi tayar da aka yi musamman domin mota mara nauyi, kamar waɗanda Avon ya yi wa Caterham shekaru da dama, in kuwa bai samu ba ya ɗauki tayar hanya mai taushi wadda lambar kayanta ba ta wuce kima ba. Tun watan Nuwamba na 2012 tayoyin da a ke sayarwa a Turai suna zuwa da takarda mai nuna darajar riƙonsu a jiƙaƙƙiyar hanya, harafin A shi ne a sama. Wannan harafi ya fi zanen ado muhimmanci nesa ba kusa ba. Iska kuma ita ce gyaran da ba a biya ko kwabo. Motar gida ta kan ɗauki fam 30 zuwa 35 a geji, wannan kuwa wajen 18 zuwa 20 ta ke so. In an cika mata irin ta motar gida, sawun ya tsuke, ta riƙa rawa a hanya. In kuma an rage fiye da kima, ta fi saurin hawa kan ruwa, gefen tayar ya yi zafi ya lalace.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne shekaru. Mota mara nauyi ba ta cin taya, yawancin masu ita kuma ba su fitar da ita sai ranar hutu in gari ya yi kyau. Sai taya ta shekara takwas tsaginta cike kamar jiya aka saya, alhali robar ta bushe ta yi tauri. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefenta su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ce a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai shekara biyar, a cire ta in ta kai goma, kome kyawun fuskarta. Ga motar da riƙo ne dukan dalilin ginata, ni na ga goma ta yi nisa ƙwarai.

Ba kasafai za a ga Seven a titin Kano ko Kaduna ba, amma lissafin ya shafe mu, tun daga ɗalibin injiniya da ke haɗa 'yar mota domin aikin kammala karatu har zuwa ma'aikacin da ya sayi ƙaramar mota ya cire wilinta ya sa manya don a gani. Sanyin da ke taurara roba ba shi ne damuwarmu ba. Tamu ita ce rana, wadda ke tsufar da taya da wuri, abin da ya sa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ke gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Ga tayoyin gwanjo da sun ci rabin ransu a wata ƙasa, ga mai faci wanda in ba ka faɗa masa adadi ba zai dura wa ƙaramar motarka iska ya auna da bugun hannu. Adadin na nan a rubuce jikin ƙofar direba ko a littafin mota, a kan auna kuma da safe kafin taya ta yi zafi. Ranar da ruwan farko ya sauka ya tayar da man da kwalta ta sha tun kaka, ita ce ranar da mai ƙaramar mota zai san irin tayar da ya saya.