Zancen Lafiya: Ƙiba Ta Tafi, Ta Bar Rigarta

A watan jiya na yi muku alkawarin zancen ciwon ido, amma ku gafarce ni, wani al'amari ya sha gabansa.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wai me ya sami 'yar ƙanwarka? Na gan ta a Kejetia, don Allah ban gane ta ba. An ce gashin kanta ma ya zube. Ku tashi tsaye fa, wannan ba ciwon asibiti ba ne." Watau sammu ya ke nufi. Kafin mako ya kewayo sai na ji wadda ta fi wannan muni, wai ciwon nan ne da ba a son faɗin sunansa, har waɗansu mata a gidan biki sun ƙi sa hannu cikin kwano ɗaya da ita. Na je na same ta, na roƙe ta ta yarda in faɗi gaskiyar abin a wannan shafi ba tare da suna ba. Ta ce in faɗa, ta gaji da rantse-rantse.

Ga yadda abin ya ke. Ita 'yar kasuwa ce, tana zuwa Santambul saro kaya. Nauyinta ya kai kilo 128, ga ciwon sukari, ga gwiwa ta hana ta sakat, har salla sai a zaune. A wata tafiya wani dillali ya haɗa ta da wani asibiti can, aka yi mata aikin rage tumbi, ta komo gida ba wanda ya sani sai mijinta.

Wannan aiki ba sabon abu ba ne. Tun 1966 wani likita a Amurka, Edward Mason na jami'ar Iowa, ya fara tsuke tumbin masu ƙiba ya haɗa shi da hanji ta gajeriyar hanya. Amma wanda aka fi yi yanzu, wanda kuma aka yi mata, shi ne a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a ɗinke sauran ya zama siriri kamar ayaba. Abin da zai iya ɗauka da fari bai wuce rabin ƙaramar kwalbar lemo ba. Mutumin da a da ya ke share malmalar tuwo biyu, yanzu loma kaɗan ya ƙoshi. Cikin shekara guda ko da rabi akan zubar da wajen kashi ɗaya cikin 4 na nauyin jiki, wani har kashi ɗaya cikin 3, kuma sau da yawa ciwon sukari da hawan jini sukan yi sauƙi ƙwarai. Ban zo in kushe aikin ba. Na ga amfaninsa da idona. Abin da na ke jin haushi shi ne, dillalin nan ya faɗa mata kuɗin jirgi da na masauki da na asibiti, bai faɗa mata abubuwa biyu da ke jiranta a gida ba, watau zubar gashi da ragowar fata.

Bari mu fara da gashi, tun da shi ya ta da ƙura.

Kan mutum yana da gashi wajen 100,000. Ba duka su ke tsiro lokaci ɗaya ba. Kamar tara cikin goma suna cikin girma, sauran suna hutu, kuma wanda ya shiga hutu yakan yi kamar wata 3 sa'an nan ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Saboda haka mai cikakkiyar lafiya ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana bai sani ba. To, idan jiki ya gamu da babbar wahala, kamar fiɗa, ko zazzaɓi mai tsanani, ko yunwa, sai ya yi irin dabarar maigida ran da kasuwa ta faɗi: a fara ciyad da abin da ba a iya rayuwa sai da shi, zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa, kayan ado su dakata. Gashi kuwa ado ne. Sai jiki ya tura da yawansu hutu gaba ɗaya. Ba ran nan za su zube ba, sai wata 3 ko 4 sun wuce, lokacin da mutum ya riga ya manta da wahalar. Wannan jinkiri shi ya ke ruɗin mutane, har su ce hannu aka sa. Iyayenmu mata sun san irinsa sarai, gama haka ya ke faruwa ga mai jego wata 3 bayan haihuwa, ba wanda ya taɓa cewa an yi mata sammu. Wanda ya tashi daga taifot ma haka.

Mai aikin tumbi wahala biyu ta haɗu masa, ga yanka ga ƙarancin ci, don haka kusan rabin waɗanda aka yi wa, ko fiye, sukan ga gashinsu na bin mataji, mata sun fi. Abin yana da ban tsoro. 'Yar ƙanwata ta ce ran da makitsiya ta tsefe mata kai ta nuna mata abin da ya fita, kuka ta yi. Amma ku lura, irin wannan zuba ba ta kashe saiwa. Kan yakan yi shara-shara ne ko'ina, ba ya yin faƙo wuri guda kamar makero, ba ya kuwa zama sanƙo. Yawanci cikin wata 6 zubar takan tsaya. Sai dai gashi ba ya gaggawa, santimita ɗaya kacal ya ke ƙaruwa a wata, don haka kafin kai ya cika a yi kitson da aka saba, sai an haƙura shekara ta kewayo.

Inda hatsari ya ke shi ne in shekara ta cika gashi bai daina zuba ba. Nan kuma ba gigicewar jiki ba ce, wani abu ne ya gaza a jini, galibi sinadarin ƙarfe da a ke kira ayon, ko zinki, ko furotin, watau abincin gina jiki. Likitoci suna so wanda aka yi wa aikin ya sami furotin giram 60 zuwa 80 kowace rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, sai ku auna. Ga tumbi ɗan mitsitsi, ga abincinmu na zongo kusan duk tuwo ne da koko da shinkafa da burodi. In ta fara da tuwo, wurin ya cika, nama bai sami masauki ba. Sai a juya al'ada: a fara da kifi, ko ƙwai, ko naman kaza ko zabo mai laushi, ko wagashi, ko nono, ko wake, in da sauran wuri sa'an nan a sa lomar tuwo. Hanta da ganyen zogale suna taimakon jini. Shayi da kofi kuwa suna hana jiki jan ayon, kada a sha su a kan abinci ko tare da ƙwayar ƙarin jini. Goro ma yana da irin baurin nan na shayi, ku yi mini haƙuri, fatake, na san na taɓa muku jari.

Har wa yau akwai ƙwayoyin bitamin da za a sha muddin rai, ba na wata biyu ba, da B12 wanda waɗansu a kan yi musu allurarsa kowane wata 3, da awon jini a wata na 3, na 6, na 12, daga nan kowace shekara. Ita ba ta yi ko ɗaya ba, don asibitin da ya yanka ta yana wata ƙasa, a nan kuwa ta ɓoye. Da muka kai ta aka auna, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Kafin nan ta ɓad da kuɗi wajen mayukan kai iri-iri da wata ƙwaya wai ita biyotin da a ke talla a waya. Ba a tabbatar tana tsai da irin wannan zuba ba, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yawanta yana rikita sakamakon awon jini, har da awon da a ke gane ciwon zuciya da shi. Mai shanta ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsa. Kitso mai tsauri da man miƙar da gashi su ma a ɗan jingine su, kada a taru a kan mai rauni.

Gashi dai yana komowa. Fata ita ce ba ta komowa, kuma a kanta na fi so ku saurara.

Ku dubi danƙon da yara ke ɗaure kaya da shi. In an ja shi aka sake nan da nan, ya koma yadda ya ke. In aka bar shi a miƙe shekara goma, ko an sake shi ya riga ya saki. Fata haka ta ke. Akwai waɗansu zarurruka cikinta masu ba ta ƙarfi da talewa, shekarun ƙiba sukan tsinka su. Yaro matashi da ya rage kilo 15 fatarsa ta iya bin jikinsa. Mai shekara 40 da ta haifi 'ya'ya biyar ta kuma zubar da kilo 45, tata ba za ta bi ba. Sai ta zauna kamar babbar riga a jikin yaro: ta ciki ta sauko ta rufe mara, ta damtse tana reto, ta cinya tana gugar juna, mama ya kwanta. Motsa jiki yana cika tsoka, yana da kyau, amma ba ya tsuke fata. Man kaɗanya yana sa ta laushi, iyakarsa ke nan. Duk mai sayar muku da wani mai ko shayi wai yana ɗame fata, kuɗinku ya ke so. Masu allurar rage ƙiba ta zamani, irin su Ozempic, su ma in suka rame da sauri suna gamuwa da wannan, da zubar gashin duka.

Kada wani ya ce ai wannan zancen kwalliya ne, a sa zane a rufe. A zafin ƙasar nan gumi yana taruwa ƙarƙashin ninkin, wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya saɓule, wani lokaci har wari da gyambo, balle ga mai ciwon sukari. Dole kullum a ɗaga a wanke, a tsane da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, a sa tufafin auduga, in ya yi ja a nemi magani wurin likita.

Maganinta na ƙwarai wata fiɗar ce, ta likitocin gyaran jiki. Amma ba a yinta da gaggawa. Sai an yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan aikin tumbi, nauyi kuma ya tsaya wuri ɗaya kamar wata 6, gama tela ba ya yanka riga ga wanda bai gama ramewa ba. Sai jini ya cika, sukari ya daidaita, mai shan taba ya bari aƙalla mako 6 kafin ranar. Wadda ke son ƙarin haihuwa gara ta gama tukuna, don ciki zai sake buɗe abin da aka ɗinke. A aikin ciki akan yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan, a cire fatar da ta sauko, sau da yawa a huda wa cibiya sabon wuri. A damtse tabon yakan tashi daga hammata har gwiwar hannu. Ba a cika yin duka rana ɗaya ba, akan raba, da watanni a tsakani. Bayan aiki akan bar 'yan robobi cikin jiki suna tsiyayar da ruwa kwana da kwanaki, a ɗaure da rigar matsi wajen mako 6, ba ɗaukar kaya mai nauyi. 'Yan kasuwa, ku sa wannan cikin lissafi, mako 6 ba ɗaga dila.

Ɗinki ya buɗe, ko ruwa ya taru ƙarƙashin fata, ko ciwon ya ruɓe, waɗannan ba baƙin abu ba ne a wannan aiki, sun fi kuwa samun wanda jikinsa ke ƙarancin furotin. Mafi muni shi ne jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu, kuma doguwar tafiya a jirgi jim kaɗan bayan fiɗa tana ƙara wannan hatsari. A 2023 gidan rediyon BBC ya ba da labarin mutanen Ingila 7 da suka rasu tun daga 2019 bayan aikin rage ƙiba a Turkiyya. Wani abu kuma da ya shafe mu mu baƙar fata: tabonmu yakan yi tudu ya yi ta girma. Wanda ya san hujin kunnensa, ko shasshawa, ko wurin lamba ya taɓa kumbura haka, ya nuna wa likita tun kafin a sa wuƙa.

Sai kuɗi. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa dokarta a 2003, ba ta biyan aikin da aka lissafa a kwalliya, ba ta kuma biyan magani a ƙasar waje. 'Ya'yanmu da ke Ingila su ma asibitin gwamnati ba ya yi musu wannan kai tsaye, sai an nuna fatar tana cutarwa. Na Amurka, kamfanin inshora yakan nemi shaidar likita cewa an yi ta fama da ƙuraje magani bai ci ba. Don haka duk inda mutum ya ke, in ninkin ya yi ciwo ya je asibiti a rubuta, ya adana takardun. Kuma ba lalle sai an ƙetare teku ba. Akwai sashen gyaran jiki a Komfo Anokye nan Kumasi, akwai babbar cibiyarsa a Korle Bu a Ankara, tamu ta bakin teku na ke nufi, ba ta Turkawa ba. In ɗinki ya buɗe da tsakar dare, likitan da mota za ta kai ka wurinsa ya fi wanda sai da biza.

'Yar ƙanwata yanzu wata 14 ke nan da aikin. Nauyinta kilo 84, ta bar allurar sukari bisa umurnin likita, tana salla a tsaye. Tun da aka fara ba ta maganin ƙarin jini zubar ta tsaya, ƙananan gashi sun fito a goshi tsaye-tsaye kamar na ɗan tsako. Likita ya ce ta komo bayan Babbar Salla a sake auna ta, in nauyin bai motsa ba sa'an nan a yi maganar fatar ciki. Ta shiga adashi saboda haka. Dattijon nan da ya ja ni gefe na koma na yi masa bayani, ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko aikin yana yiwuwa ga mai shekara 60, wai wani abokinsa ne ke tambaya.

Mai wata tambaya ya rubuto ta hannun magatakardan ƙungiya, ba sai ya sa suna ba. Zancen ciwon ido sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.