Daga Bayan Kyamara: Hoto ya fito dishi-dishi, laifin wa?

Cikin saƙonnin da suka shigo mana a wannan wata akwai na wani ƙanenmu daga Tudun Wada, Zariya. Ya ce ya gaji wata 'yar kyamarar dijital a wajen yayansa, irin ƙananan nan na aljihu da aka yi yayi tsakanin 2003 da 2010. Da can tana fitar da hoto tar, amma yanzu duk wanda aka ɗauka sai ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa man shanu. Abin da ya fi ƙona masa rai, an yi wani biki da 'yan fim suka halarta, ya kutsa da ƙyar ya tsaya kusa da jarumin da ya fi so, aka ƙyasta, da aka zo dubawa ba ka bambance hanci da baki. Shi ne yake tambaya: ya jefar da ita ne, ko tana gyaruwa?

To ƙanena, dakata tukuna. Irin su Sony Cyber-shot da Canon PowerShot da Nikon Coolpix ɗin nan sun dawo yayi, matasan Turai da Amurka rububinsu suke saboda launinsu ya bambanta da na waya. Kuma sau da yawa idan aka bi diddigi sai a tarar kyamarar lafiyarta ƙalau, mai riƙe da ita ne ke da gyara.

Kafin komai, kada ka yanke hukunci da ɗan sikirin ɗin bayanta. Inci biyu ne ko biyu da rabi, ga shi ya sha gogayya da makullai a aljihu shekara da shekaru. Zare memori ka sa a kwamfuta ka buɗe hoton sosai. Idan can ma dishi-dishin ne, sai ka yi wannan gwaji: samo fostar fim mai ƙananan rubutu a ƙasa, wurin da ake jera sunayen furodusa da darakta, ka manna a bango a tsakar gida da hantsi. Shiga menu ka danna Reset don kyamarar ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ɗora ta kan tebur kamar taku uku daga bangon, ka kunna taima, ka danna, ka janye hannunka. Idan ka iya karanta sunayen nan a hoton, to wallahi ba ta da laifi.

Daga nan sai ka koma kan hotunan da suka lalace, domin kowane dishi-dishi da irin nasa. Idan komai na cikin hoton, mutum da bango da kujera, ya ja gefe guda kamar an goge alli da hannu, hannunka ne ya motsa. Idan bango ya fito tsaf amma mutumin ya zama kamar iska, shi ne ya motsa. Idan kuwa mutumin yana tsaye ƙyam, fuskarsa ta yi laushi amma labulen bayansa har zarensa kana gani, saiti ne ya tsallake shi ya kama baya.

Na farkon shi ya fi yawa, kuma ga dalili. Kyamara tana buɗe ido ne ta rufe gwargwadon hasken da ta samu. Da rana tsaka a bakin kasuwar Tudun Wada tana iya buɗewa ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, ko kana rawar sanyi ba zai nuna ba. Amma a ɗakin taro da dare, ga ƙwai biyu rak na janareto, sai ta bar idon a buɗe kashi ɗaya bisa takwas. Hannun ɗan'adam kuwa da wuya ya tsaya cak idan aka yi ƙasa da ɗaya bisa 30. Da yawa daga cikin tsofaffin nan ba su da na'urar tsayar da girgiza da wayarka ke da ita, shi ya sa suke nuna maka wata 'yar alamar hannu ko kyamara mai karkarwa a sikirin, gargaɗi ne. Riƙe ta da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ka jingina da bango. Kuma don Allah a daina caka madannin kamar ana kashe sauro.

Madannin nan hawa biyu ne, wannan ita ce gaɓar da 'yan zamanin waya ba su sani ba. Ka danna rabi, ka jira ta yi ƙara ɗan akwatin tsakiya ya koma kore, sannan ka ƙarasa a hankali. Tana neman saiti ne a inda fari da baƙi suka haɗu, don haka idan ka auna ta kan farar shadda fes, ruɗewa take yi. Auna fuska ko aikin wuyan riga. Matsalar ita ce ranar da ka haɗu da jarumi, ba kai ke ɗauka ba, wani ka miƙa wa a cikin turmutsitsi. Gwara ka ɓata daƙiƙa biyar ka nuna masa, ka kuma ce ya ɗauka sau uku. Waɗanda suka yi hoto da marigayi Ahmad S. Nuhu kafin rasuwarsa a 2007, ko da Rabilu Musa Ibro kafin 2014, Allah ya jiƙansu, sun san cewa wani hoton ba a maimaita shi.

Duba kuma ko akwai alamar fure a sikirin. Wannan ta ɗaukar abu ne na kurkusa kamar zobe ko zanen lalle, idan aka manta da ita a kunne wasu kyamarorin ba sa kama na nesa. Alamar tsauni kuma akasin haka ce.

Sai zuƙowa. Yawancinsu ninki uku suke zuƙowa da gilashi na gaske. Daga nan duk abin da ka ƙara yankan hoto ne kawai ana buɗa shi. Mai tsayuwa can bayan jama'a ranar Hawan Daushe yana son ya kamo rawanin mahayi daga nesa, abin da zai samu dambu ne. Filasha ma haka, ƙarfinta bai wuce kamar mita uku ba. Kana ƙarshen holo ana gala kana walƙa ta, ƙeyar na gabanka kaɗai kake haskawa. Lokacin hunturu kuma, idan ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta cika gari, filasha tana haska ƙwayoyin ƙurar da ke dab da idon kyamara, sai ka ga fararen ƙwallaye a hoto. Na sha jin ana cewa mutanen ɓoye ne. Ƙura ce, malam.

Tunda an zo kan ƙura, yaushe rabonka da duba idon kyamarar? Yatsa ɗaya da ya taɓa ƙosai ya isa ya sa kowace fitila ta yi hazo. Fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan ka goge da ƙyallen gilashin ido. Ban da bakin riga, ban da yawu, domin ƙurar yashi ce, goga ta a bushe karce ne. Haska tocila ciki kuma. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ribar ajiye kyamara a ƙasan akwati cikin damina irin ta Zariya a watan Agusta. Ka riƙa ajiye ta da 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna shan laima.

Akwai wata kuma mai ban haushi. Memorin da ƙanana ne, sai masu su su rage girman hoto zuwa 640 da 480 don ya ɗauki da yawa. Wannan ko megafiksel ɗaya bai kai ba, alhali hoton da za a wanke a inci 5 da 7 yana son kamar megafiksel uku. Mayar da shi kan mafi girma. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi.

To idan gwajin fosta ya faɗi fa? Nan ne ake zancen ciwo na gaske. Gefe ɗaya tar, ɗaya dishi-dishi, alamar ta taɓa faɗuwa gilasan ciki sun goce. Idan kana jin gurnani lokacin da idon ke fitowa, yashi ne ya shiga haƙoran, amma fara gwada batir mai ƙarfi, don masu cin batirin AA ba sa jituwa da irin na rediyo mai arha, sai na caji. Idan kuwa hoton ya koma shuɗi-shuɗi ko ja-ja yana zirara kamar fenti ya narke, sensa ce ta tafi. A 2005 kamfanoni da dama, ciki har da Sony da Canon da Nikon da Fujifilm, sun sanar da irin wannan matsala a wasu kyamarorin da aka ƙera daga 2002 zuwa 2004, wadda zafi da laima ke tayarwa, har suka yi gyara kyauta. An daɗe da rufe wannan ƙofa. Kayan gyara ma sai dai a ciro daga wata matacciya, don haka ka tambayi kuɗin aiki kafin a kwance, ka gwada shi da kuɗin wata ta hannu. Kada kuma ka buɗe da kanka, ma'ajiyar wutar filasha tana riƙe caji ko an cire batir, kuma tana fizga ba da wasa ba.

Shi kuwa hotonka da jarumin, kada ka goge shi. Manhajojin nan masu cewa suna gyara hoto ƙirƙiro fuska suke yi su liƙa, wani lokaci a ba ka wani mutum daban sanye da hularka. In za ka gwada, kwafi ka gwada a kai, ka adana na asali. A fitowa ta gaba za mu taɓa batun tsofaffin memori da yadda ake ceto hotunan da ke ciki.