Sharhi: Wa Ke Yanke Farashin Fasahar Microsoft?

A watan Oktoban 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da masu hannun jarinsa cewa hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, tana bin sa bashin dala biliyan 28.9, ban da tara da kuɗin ruwa, na shekarun 2004 zuwa 2013. Kamfanin ya ce bai yarda ba, zai ɗaukaka ƙara a cikin hukumar, in ta kama kuma a haɗu a kotu. Ba ɓoye ciniki ake zarginsa da shi ba. Rigimar a kan tambaya guda take: idan injiniya ya zauna a hedkwatar kamfanin da ke Redmond ya rubuta manhajar Windows ko Office, a wace ƙasa ce ribar aikin nan za ta bayyana a takarda?

Kamfanin manhaja ba shi da wata kadara da ta kai haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙira, kuma wannan haƙƙi ba ya buƙatar jirgin ruwa kafin ya tsallaka teku, sa hannu kawai yake buƙata. Wani kwamitin bincike na majalisar dattawan Amurka a ƙarƙashin Sanata Carl Levin ya nuna a 2012 cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na aikin bincike da ƙirƙirar Microsoft a Amurka ake yin sa. Duk da haka kamfanin ya sayar wa rassansa na Ailan da Singafo da tsibirin Fotoriko haƙƙin cin ribar fasahar, su kuma suna biyan wani kaso na kuɗin binciken. Na Fotoriko ya fi ɗaure kai, domin ribar cinikin da ake yi a cikin Amurka kanta ce ake karkatarwa can, inda harajin bai taka kara ya karya ba. Kwamitin ya ƙiyasta cewa daga 2009 zuwa 2011 an karkatar da kusan dala biliyan 21 ta wannan hanya, abin da ya rage wa kamfanin haraji har dala biliyan 4.5.

Masu kare kamfanin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce dokar Amurka ce da kanta ta halatta raba kuɗin bincike tsakanin uwar kamfani da rassanta. Sun ce bincike kasada ne, ana iya zuba biliyoyi a tashi a tutar babu, don haka reshen da ya sa kuɗinsa ya cancanci rabonsa in an dace. Microsoft ya ƙara da cewa ya biya Amurka harajin sama da dala biliyan 67 tun daga 2004, kuma lissafin hukumar bai yi la'akari da harajin da ya biya a ƙarƙashin dokar haraji ta 2017 ba, wanda zai iya rage har dala biliyan 10 daga bashin.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar ta ce a yi cinikin a kan farashin da baƙo zai biya baƙo. A kasuwar dabbobi, mai rago zai ce albarka sau uku kafin ya sallama, wannan ja-in-ja ita ke fitar da farashin gaskiya. A nan kuwa mai sayarwa da mai saye shugabansu ɗaya, aljihunsu ɗaya, kuma babu wani Windows na biyu da aka taɓa kaiwa kasuwa balle a kwatanta. Farashin yana fitowa ne daga hasashen ƙwararrun da kamfanin ya ɗauka haya, irin su KPMG da ya tsara yarjejeniyar Fotoriko. In an karya farashin ranar da aka sa hannu, ribar shekara da shekaru ta tafi ke nan. Batun kasada ma da sauƙi: reshen da kuɗinsa daga uwar kamfani suke, wace asara zai yi wadda ba ta uwar ba ce? Kuma Windows da Office a 2005, lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar Fotoriko, ba gwaji ba ne, tuni suka mamaye ofisoshin duniya.

Abin da ya fi damun mai wannan sharhi shi ne raunin masu sa ido. Sai da hukumar ta ɗauko lauyoyin haya na Quinn Emanuel, sai da ta je kotu a Siyatil kafin alƙali ya ba da umarni a 2020 a miƙa mata takardun KPMG. Kafin nan, a 2019, majalisa ta yi dokar da ta taƙaita mata amfani da lauyoyin waje. Harajin 2004 sai bayan shekara 19 aka kai takardar neman biya, alhali wasu da suka tsara cinikin sun daɗe da barin aiki. Wannan fa hukumar ƙasar da ta fi kowa kuɗi ce.

Shi ya sa bai kamata a jira binciken bayan shekaru ba. A tilasta wa irin waɗannan kamfanoni su bayyana wa jama'a, ƙasa bayan ƙasa, nawa suka kashe a bincike, ma'aikata nawa ke gare su, nawa suka rubuta a matsayin riba. Za a ce sirrin kasuwanci ne, amma yawan ma'aikata ba ya tona yadda aka rubuta manhaja. Ƙasashe masu sayen fasaha kuwa, da ba su da ƙwararrun da za su yi jayayya kan hasashe, gara su kafa iyaka bayyananna. Najeriya ta yi haka a ƙa'idojinta na 2018, inda ta ce abin da reshe zai cire daga ribarsa don biyan uwar kamfani kuɗin amfani da irin wannan haƙƙi kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na ribar kafin a cire haraji da kuɗin ruwa da tsufan kaya.